An Cire Tsiron, Saura Tsoron

Karatu: Ishaya 38:1-5, 21

Ɗan'uwa, bayan likita ya cire maka tsiro daga babban hanji, zuciya takan tambaya: ko ciwon daji ne? Ka sani, yawancinsu ba daji ba ne. Waɗansu kan rikiɗa, amma a hankali, sau da yawa cikin shekara 10 ko fiye. Shi ya sa ake cire su da wuri, a gwada su.

Sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka sai da aka ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka ka karɓo sakamakon gwajin. Ranar da likita ya sa maka ta sake dubawa, kada ta wuce ka. In ka ga jini a bayan gida, koma asibiti. Ka sanar da 'yan'uwanka na jini, gama wani lokaci yakan bi dangi. Sauran damuwar, bar wa Ubangiji.

Addu'a: Ya Uba, ka kwantar mini da zuciya. Cikin sunan Yesu, Amin.