Bayajiddana Ya Ƙi Tsayuwa Daidai

Tambaya: Malam, ina zana labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, ina kuma koyon sassaƙa a kwamfuta da manhajar Blender. Fuska tana fita, amma jiki sai ya zama kamar ɗan tsana. Ina mafita? Daga wani matashi a Daura.

Amsa: Ɗana, ka fara da riga ne tun ba ka san ƙashi ba. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, amma uku za ka fara riƙewa: ƙoƙon kai, kejin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. In mutum ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, ƙugunsa na dama yakan ɗaga, kafaɗar wannan ɓangaren ta sauka. Rashin wannan ne ya sandarar maka da Bayajidda. Tsawon mutum kuwa kusan kai bakwai da rabi ne. Jarumi sai a ba shi takwas.

Ɗauki littafi da fensir ka tafi filin dambe. Dubi ɗan dambe ya ja hannun da aka ɗaure baya, yadda allon kafaɗarsa ke zamewa a kan haƙarƙari, jijiyar wuya ta miƙe. Zana shi cikin minti ɗaya, kada ka goge. Babbar riga ma, ko ta mahayan Sallar Gani, daga kafaɗa da gwiwar hannu take samun lanƙwasarta.

A Blender, gina jiki da dunƙule-dunƙule, ka riƙa juya shi ta kowane gefe. Gira da ƙumba su jira tukuna. In kana son malami ido da ido, nemi sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.