Darasi a Kan Gado: Labarin Wani Karen Farauta na Ƙasar Norwe

Cikin darussan ilmin halitta da muka yi a wannan zango, babu wanda ya jawo muhawara tsakaninmu kamar na gado. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma gaskiya suka faɗi. Amma ga wata tambaya: in mai kiwo ya sami iri mai kyau, ya tsare shi, ya hana shi cuɗanya da kowane bare, shin kyan nan zai dawwama? Bari mu kawo labarin wani kare, shi zai amsa mana.

Can arewacin ƙasar Norwe, a tsibiran Lofoten, akwai wani ɗan karen farauta da ake kira Lundehund, watau karen lunde. Lunde wani tsuntsun teku ne mai ƙaton baki, wanda ke ƙwai cikin ramummuka a jikin duwatsun gaɓa. A da mutanen wurin sun daɗe suna cin namansa suna amfani da gashinsa, karen nan kuwa shi ke kutsawa cikin rami ya fito musu da shi. Yana da yatsu shida a kowace ƙafa domin hawan dutse, yana iya lanƙwasa wuyansa baya har kai ya taɓa gadon baya, sa'an nan yana iya rufe kunnuwansa kada ƙasa ta shiga.

Da mutane suka koma kama tsuntsun da raga, sai bukatar karen ta ragu, har ya kusan zama babu shi sai a ƙauyen Mastad na tsibirin Vaeroy. A 1939 wata mace mai suna Eleanor Christie ta samo kaɗan daga can, ta kiwata su a Hamar, kudancin ƙasar. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu annobar karnuka da ake kira distamfa ta auka wa tsibirin, ta kusan ƙare su, sai da matar nan ta aika musu da nata. Daga baya nata ma annoba ta cinye su. A farkon shekarun 1960 waɗanda suka rage ba su wuce 6 ba, yawancinsu kuwa 'yan'uwan juna ne na kusa. Daga 'yan tsirarun nan aka sāke tā da irin duka.

To, mene ne aibin wannan? Kowane hali na jiki yana tafiya ne cikin ƙwayoyin gado, kuma kowace dabba tana karɓar ƙwayoyin nan biyu biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wani Bature mai suna Mendel shi ya bayyana ka'idar wannan a 1866, bayan ya yi shekaru yana gwaji da wake irin na ƙasarsu. Sau da yawa ƙwayar cuta takan ɓuya, ba ta yin ɓarna muddin abokiyar zamanta lafiyayya ce. Amma in uba da uwa duka suna ɗauke da ita, to, bisa ƙiyasi ɗaya cikin kowane 'ya'ya 4 zai karɓe ta ta gefe biyu, cutar ta bayyana. Baƙi biyu da wuya su yi tarayya cikin ɓoyayyen aibi guda, amma 'yan'uwa, da ya ke kakansu ɗaya, sukan yi.

Masana suna da awon wannan, wanda Sewall Wright na Amurka ya tsara a 1922. In aka haɗa kare da karya waɗanda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kimanin kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin ɗansu za su zo tagwaye daga tushe guda. In uba kaɗai suka haɗa, kashi 12 da rabi ne. In kuwa aka yi ta maimaitawa tsara bayan tsara, lissafin hawa ya ke yi.

Abin da ya sami Lundehund ke nan. Karyarsu takan haifi biyu ko uku ne kawai a ciki ɗaya. Da yawa cikinsu kuma suna fama da wani ciwon hanji mai hana jiki riƙe abincin da ke gina shi, sai zawo da amai da rama, wani lokaci har mutuwa. Alhali kuwa a shekarun 2010 yawansu a duniya ya haura 1,000. A nan ne wasunmu suka ruɗe a aji, suka ce ai yawa ya dawo. Mu tuna da littafin da ake kwafa da hannu: in shafi ya ɓace daga na asali, ko an yi kwafe dubu, shafin nan ba ya komowa. Sai an nemo shi daga wani littafin dabam.

Haka masu kiwon karen a Norwe suka yi shawara. A 2014 ƙungiyarsu ta soma haɗa shi da karnukan arewa masu kama da shi, aka fara da Buhund, karen kiwo na ƙasarsu. 'Ya'yan da aka samu a kan sāke haɗa su da Lundehund, domin siffa ta tsaya, sabon jini kuma ya shigo.

Mu da za mu fita koyarwa, in yaro ya tambaye mu dalilin da ya sa makiyayi mai hankali ba ya barin bunsuru ɗaya ya yi ta hawan 'ya'yansa da jikokinsa, to, ga amsa a hannunmu. Wanda ke son irinsa ya daɗe, sai ya yawaita iyayen da ya ke haifarwa daga gare su, ya rubuta wa ya haifi wa, kuma in garke ya ƙuntata ya nemo namiji daga nesa tun cuta ba ta nuna kanta ba.