DARASIN DA NA ƊAUKA A BAKIN BODAR JIBIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A ƙarshen 2023, lokacin da boda ke rufe bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci sun yi cirko-cirko a Magama. A teburin mai shayi na saba da wani dattijon direba, Kirista daga kudancin Kaduna. Wata rana rediyo na ba da labarin Gaza, sai ya ce:

"Malam, tun ina yaro aka koya mana wanda ya goyi bayan Isra'ila zai samu albarka, saboda alƙawarin da aka yi wa Ibrahim a Farawa sura 12. Da na ji bam ya kashe Kiristoci a harabar wani tsohon coci a Gaza, sai na koma na karanta da kaina. Ibrahim na gani, ban ga gwamnati ba."

Na ce: "Baba, ba kai kaɗai ba ne." Ɗora wannan alƙawari kan ƙasar da aka kafa a 1948 ba fahimtar dukkan Kiristoci ba ce. Ta yi jijiya ne daga koyarwar John Nelson Darby a ƙarni na 19, sharhin Scofield na 1909 ya yaɗa ta a Amurka. Wasu malaman Kiristocin Falasɗinu ma sun fitar da takardar Kairos a 2009 suna ƙin ta.

Sai ya dube ni: "To ku fa, Malam?"

Wallahi sai na yi shiru. Mu ma ai wani ba ya iya ganin kuskuren Saudiyya, wani na Iran, wani na jam'iyyar da malaminsa ya ɗaga wa hannu. Ka taɓa gwaninsa, ya ce ka taɓa addini.

'Yan'uwa, mu riƙe abu uku:

1. Nassi daban, fahimtar malami daban, maslahar gwamnati daban.
2. Duk fahimtar da ka gada, tambayi wa ya fara faɗinta, yaushe, da wane dalili.
3. Fahimtar da ta sa jinin wanda aka zalunta ya daina damunka, sake duba ta.

Ku koma ku karanta Suratul Baƙara aya ta 170, kan masu fakewa da abin da suka tarar iyaye na yi. Kada mu karanta ta muna hango maƙwabci, mu fara da kanmu.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta.