Shin Sinadarin Garin Wanki Zai Ci Mini Hannu?

Tambaya: Na ji an ce akwai wani enzayim da ake samu daga bakteriya a cikin garin sabulun wanki, wai yana yanka furotin. To ai fatar mutum ma furotin ce. Kullum hannuna cikin ruwan wanki yake, abin ya dame ni. Daga Hauwa'u, Funtuwa.

Amsa: Tambayarki ita ce ko abin da ke cinye tabon jini da na ƙwai zai juyo kan fatarki. Ki kwantar da hankalinki, damuwarki tana da dalili, amma haɗarin bai kai yadda kike tsoro ba.

Sunan enzayim ɗin subtilisin, kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Bakteriyar Bacillus subtilis da danginta ne ke fitar da shi, su ne kuma ke narkar da furotin ɗin kalwa har ta zama daddawa. A shekarun 1960 aka fara zuba shi sosai cikin sabulun wanki a Turai.

Ba ya yanka da ka. A 1969 masana a Amurka suka gano siffarsa, aka ga yana da wani kwari a jikinsa. Dole sai zaren furotin ya warware, ya miƙe, ya kwanta cikin kwarin nan. A ciki akwai ƙananan aljifai, babbansu ya fi son amino asid (ƙananan sassan da ke haɗuwa su zama furotin) masu girma da ba sa son ruwa, irin su tayirosin da liyusin. Sai sun zauna daram sannan wasu amino asid uku na enzayim ɗin, sirin da histidin da asfatet, su haɗu su datse zaren. Kamar mahauci ne, sai ya lalubo gaɓa yake sa wuƙa. Tabon abinci a sake yake, gaɓoɓinsa a fili. Saman fatarki kuwa furotin ne mai suna keratin, mai ɗaurin tsiya, samun wurin kamawa a cikin ɗan lokacin wanki yana yi masa wuya. Atamfa da shadda ta auduga ba furotin ba ne, ba ruwansa da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu hana shi aiki. Matsattsaku yana da wani ɗan furotin, eglin c, sha'ir ma yana da irinsa. Suna miƙa masa madauki mai kama da abincinsa sak, ya cafke, amma madaukin ƙandararre ne. Ko ya datse, bakin biyu ba sa rabuwa, sai su sake haɗewa, shi kuwa ya maƙale. A sabulun ruwa ma akan sa sinadarin boron ya toshe shi cikin kwalba, sai an tsarma da ruwa ya sake shi.

Yanzu shawara. Yawancin kaushi da tsagewar hannu daga sabulun kansa ne, mai wanke maiƙon fata. Ki ɗauraye hannu da kyau bayan wanki, ki shafa man kaɗanya, in akwai rauni ki sa safar roba. Kada ki shaƙi ƙurar garin, don a ƙarshen shekarun 1960 ta jawo wa ma'aikatan masana'anta a Ingila asma, shi ya sa yanzu ake lulluɓe enzayim ɗin cikin ƙananan ƙwayoyi. Ulu da alharini furotin ne, ki nema musu sabulu marar enzayim. Idan ƙaiƙayi ko ƙuraje suka ƙi tafiya, ki je likitan fata ya duba.