Yadda Ake Ɗauke Babban Injin CNC Zuwa Sabon Shago

Injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC, shi ke fitar da ƙofofi masu zane da fuskar gado da allunan talla. Samfurin da aka fi gani shi ne 1325, mai filin aiki na faɗin milimita 1,300 da tsawon 2,500, daidai ɗaukar falanki mai ƙafa huɗu da takwas. Da yawa daga birnin Jinan na ƙasar Sin suke fitowa, kuma nauyinsu kan kai tan guda ko ya haura. Nauyin dai ana iya maganinsa. Abin gudu shi ne jikin injin ya murɗe a hanya, ya isa sabon wuri yana yanka a karkace. Duk matakan nan don kare daidaitonsa ne.

1. Fara da sabon shagon. Auna ƙofa da lungun da mota za ta bi. Daɓen siminti ya zama mai kauri kuma lebur. Ka bar fili ta kowane gefe don shigar da falanki. Idan injin na wuta mai layi uku ne, mai gyaran wuta ya gama ja ta, ya kafa wayar ƙasa, kafin ranar tashi.

2. Adana bayanai. Kwafe saitin injin daga kwamfuta ko na'urar hannu zuwa filasha. Ɗauki hoton kowace waya a mazauninta, ka manna mata lamba.

3. Kwance abin da zai kwantu. Cire bakin yanka, ka sauko da kan injin ya zauna a kan guntun katako don kada ya zame. Kashe wuta, ka jira mintuna kafin taɓa akwatin lantarki, domin na'urar da ke sarrafa gudun kan tana riƙe caji bayan an kashe. Tsiyaye ruwan sanyaya kai. Ware famfon tsotso mai riƙe falanki a kan tebur, da injin zuƙar ƙura, da akwatin lantarki idan a ware yake. Kowane rukunin notina ya shiga ledarsa da suna.

4. Ɗaure gadar. Gadar ita ce ƙarfen da ya ratsa teburin yana kai da komo. A kan dogo take gudu, don haka birki ɗaya na direba ya isa ya wurga ta ƙarshen tebur. Tsayar da ita inda nauyi ya daidaita, ka tokare ta gaba da baya da katako, ka ɗaure da bel. Kada a kwance ta sai in ƙofa ta tilasta, don mayar da ita daidai aiki ne babba. Shafa wa dogayen giris, ka naɗe su da leda.

5. Ɗagawa. Nan ne sauri ke haifar nawa. A nemo motar ɗaga kaya ko mai ƙugiya wadda ƙarfinta ya zarce nauyin injin. Ta ƙarƙashin jikin ƙarfen ake ɗagawa, ba ta gada ko dogo ba. A fara ɗagawa kaɗan a ga ko ya rinjaya gefe guda. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, kuma kada kowa ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashi. A cikin shago kuwa, ana iya gangara shi a kan bututun ƙarfe masu kauri.

6. A mota. Shimfiɗa katako, a ɗora shi a kai, a ɗaure kusurwa huɗu ta jikin ƙarfen. Rufe da tamfol saboda ƙura da ruwa. Direba ya bi ramuka a hankali.

7. Zaunar da shi. Ɗora ma'aunin lebur a kan dogayen, tsaye da kwance, kana juya notin ƙafafu har kowace ƙafa ta ɗauki rabonta. Ƙafa ɗaya da ke lilo ta isa ta murɗe teburin. Mayar da wayoyi bisa lambobinsu, ka zuba ruwa, ka ga yana zagayawa kafin kai ya juya. Duba famfon tsotso: idan an sauya layukan wuta, baibai zai juya.

8. Gwaji. Gwada maɓallin tsayarwar gaggawa, ka aika injin mafarinsa, ka zagaya da shi teburin a hankali kana sauraro. Sannan yanka babban murabba'i a falanki mara tsada, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, gadar ta karkace, sai a daidaita ta. Daga nan a share saman allon MDF da ke kan teburin da faffaɗan baki. In sharar ta bar tudu-tudu, kan bai tsaya a miƙe ba, a gyara shi.

Kada ka ɗora katakon mai kwangila sai awon nan biyu ya zo ɗaya. Asarar yini guda wajen gwaji ta fi sauƙi a kan ƙofa goma da za su ƙi shiga mazauninsu.