KARRAMA BAƘON DA YA ZO YI MANA HIDIMA

Karatun yau: 3 Yohanna 1-11

Karatunmu ya nuna mana mutum biyu a ikilisiya ɗaya. Gayus yana karɓar 'yan'uwa masu hidima, ko da bai taɓa ganinsu ba. Diyotarifis kuwa son girma ya hana shi karɓarsu, har yana korar masu karɓarsu. Manzo Yohanna ya yaba wa na farko, ya tsawata wa na biyu. Kai fa, a cikinsu wa ka ɗauko?

Dubi ƙasarmu. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ta yi shekaru a Goronyo tana kula da mata masu ciki da ƙananan yara. Tun 2014 kuma tana taimaka wa asibitin da ke Sakkwato mai maganin cutar nan da ke cin fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma. Likitocin fiɗa sukan taso daga ƙasashe dabam-dabam su gyara fuskar yaro kyauta, ba su tambayi ƙabilarsa ko addininsa ba. Tare da su akwai 'yan ƙasa: masu jinya, direbobi, da masu tafinta. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cuta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman haka.

Baƙon ba sai ya fito daga Turai ba. Matasa masu bautar ƙasa suna zuwa daga kudu su koyar da yaranmu a Wurno da Rabah, ba su jin Hausa, ba su saba da zafin bazara ba. Wasunsu suna zaune kusa da kai ranar Lahadi. Idan ba wanda ya kula da su, sai su gama shekararsu su tafi da sanyin jiki, mu kuma mu rasa albarkar da Allah ya aiko ta hannunsu.

Ka tuna, a ranar Fentikos kowa ya ji bishara da harshensa. Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa kowa ya bar yarensa ba. Saboda haka kada ka yi dariyar Hausar baƙo, ko ka raina abincinsa da suturarsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abin yi: A wannan mako nemi mai hidima ɗaya da ya zo Dinawa daga nesa. Koyi sunansa daidai, kira shi cin tuwo a gidanka, ka gode masa a gaban jama'a.

Addu'a: Ya Uba, ka cire mini zuciyar Diyotarifis, ka ba ni ta Gayus. Ka tsare dukan waɗanda suka bar gidajensu domin su taimake mu, ka mai da su gida lafiya. Cikin sunan Yesu. Amin.