Kumburin ciki da tusa ga kyanwar gida

Darasinmu na yau a kan mage ne, wadda muke ajiyewa saboda ɓera, musamman a gidaje da sito-sito na wajen Bompai, Sharada da Challawa. Ciyar da ita amana ce, kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba abinci, yana cikin Bukhari da Muslim.

Yawancin kumburin ciki, tusa mai wari da zawon mage daga hannunmu suke fitowa, kuma madara ce kan gaba. Mutane na ganin gata ne. To, idan kyanwa ta wuce yaye, sinadarin laktas da ke narkar da sukarin madara yana raguwa a hanjinta. Sukarin sai ya wuce bai narke ba, ƙwayoyin cikin hanji su ruɓar da shi, iska ta taru, zawo ya biyo baya. Madarar gari da ta gwangwani duk ɗaya ne.

Sai ragowar abincinmu: wake, miya mai yaji da maiƙo, tuwon da ya kwana cikin zafi ya yi tsami. Mage maciyar nama ce, cikinta ba na wannan ba ne. Wadda ke cin ɓera kuma ba ta rabuwa da tsutsar ciki, a nemi maganin tsutsa wurin likitan dabbobi duk wata 3. Ruwan kwata ma, balle na kusa da masana'antun jima, a raba ta da shi, a ajiye mata mai tsabta.

*A kula sosai:* tafarnuwa da albasa da muke amfana da su guba ne ga mage, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Farasitamol kuwa ƙwaya 1 na iya kashe ta. Don Allah kar a gwada.

Idan kumburi ne kawai kuma tana wasanta, a tsayar da madara, a dafa mata kaza ko kifi ba gishiri ba ƙaya, kaɗan-kaɗan. In za a canja mata abinci, a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7.

Amma in ta ƙi cin abinci har awa 24, ko tana ta amai, ko an ga jini a kashinta, ko ana zargin ta ci ɓeran da aka sa wa guba, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi a ranar, kar a bari ta kwana.